Na Toshe Lambobin Masu Makoki, Kum Ɗinmu Ya Juya Mana Baya

Goggo Nevena,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ce ke kula da injin bincike na wani shafin intanet a nan birnin Plovdiv da ake saka sanarwar rasuwa, irin wadda ake mannawa a ƙofofi da bishiyoyi. Duk tambayar da aka aiko wa sabar ɗinmu, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, tana zuwa da 'yan umarni: nemo wane suna, a wane gari, nuna waɗanne bayanai. Da can ƙofar a buɗe take, duk abin da manhajar mutum ta nema sai a ba ta, har lambar wayar iyalin mamaci.

Watan jiya wata tsohuwa daga Asenovgrad ta bugo ofis tana kuka. Ba a ma binne mijinta ba, masu sayar da dutsen kabari sun dame ta da kira. Raina ya ɓaci, a ranar na taƙaita abin: suna, gari da ranar rasuwa kawai sabar ke karɓa, duk wani umarni tana watsar da shi.

Ashe Jelyazko yana cikin masu kwasar lambobin. Shi ne kum ɗinmu, wanda ya tsaya mana a coci ranar aure, kuma bisa al'ada shi zai riƙe 'yarmu ranar baftisma. Sana'arsa ke nan, sassaƙa dutse. Ya zo har gida, ko banitsar da na ajiye masa, gashin fulawa mai cuku, bai taɓa ba. Ya ce, “Ke 'yar nan, ni za ki rufe wa ƙofa? To ku nemi mai riƙe muku jaririya.”

Mijina Tihomir ya ce gyaran layi ɗaya ne kawai a cikin injin, in buɗe masa shi kaɗai, wa zai sani. Surukata ta daina amsa gaisuwata, wai ba a taɓa jin gidan da ya saɓa wa kum ya ga alheri ba. An riga an sa ranar baftisma, firist yana jira. Wallahi da na kai hannu zan buɗe sai in ji muryar tsohuwar nan. Ya zan yi?

Wadda ta rasa mafita

'Yata,

Kada ki buɗe. Lambobin nan ba naki ba ne balle ki yi kyauta da su, kuma ƙofar da aka buɗe wa mutum ɗaya a ɓoye ba ta daɗewa tana tasa shi kaɗai. Aikinki ma zai iya tafiya a kai.

Amma Jelyazko yana da tasa gaskiyar. Mutum ya wayi gari hanyar abincinsa ta toshe, babu ko sanarwa, kuma daga hannun wadda yake ɗauka 'ya. Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

Ki samu shugabanki da shawara: a riƙa tambayar iyalai lokacin saka sanarwa ko suna son masu sana'a su neme su. Waɗanda suka yarda kaɗai za a nuna, ta wata ƙofa dabam mai mabuɗi, ga duk mai sana'ar da ya yi rajista. Sannan ki je wurin kum, Tihomir a gefenki, ba a bayanki ba. Ki ba shi haƙuri kan rashin sanarwa kawai, ki gaya masa labarin tsohuwar, ki nuna masa sabuwar hanyar.

Ina kyautata zaton zai sauko. In kuwa ya dage sai lambobin ko ba baftisma, to ki ɗaga ranar da zuciya ɗaya. Wanda zai riƙe yarinya a coci alkawari yake ɗauka na koya mata gaskiya, kuma bai kamata a fara da sayen hannunsa ba.

Allah ya raya miki ita, ya sanyaya zukatan gidanku.

Goggo Nevena