Ga Kwamitin da Ya Kwashe Mini Littattafai Daga Kan Tebur

Zuwa ga Alhaji Shugaba da dattawan kwamitin ƙungiyarmu ta Greensboro, nan Amurka.

Assalamu alaikum. Ina jinjina muku. Rufin zaurenmu na yoyo tun bara ba a samu mai hawa ba, amma ran kasuwar Sallah ƙarama dattawa huɗu suka taso wa teburina da kwali. Wannan himma, Allah ya ƙara.

Ni ce Rabi mai turare, 'yar Maraɗi. Gefen humra da atamfa nakan jera littattafan da nake sarowa a wani ɗan shago a unguwar Glenwood. Mata biyu ke da shi, gidansu ɗaya kamar miji da mata, ba su kuma ɓoye ba. Littattafan mata suke sayarwa, da na mutane irinsu, waɗanda ake ta cirewa daga laburaren makarantu.

Na ɗaya. Kun kwashe komai ba wanda ya buɗe shafi. Har da na ciwon nono, wai bangonsa babu kunya. Littafin nan shi ya tura wata 'yar'uwarmu asibiti da wuri.

Na biyu. Kun karanto sunayen littattafan a lasifika don a guje su. Kafin sati, masu shagon suka bugo suna tambayar wa ya yi musu talla, an saye littattafan, kantarsu ta yi wayam.

Na uku. Kun aiko cewa in faɗi wa ya sayi labarin saurayin da ke son namiji ɗan'uwansa, ko in rasa tebur. Ni, Alhaji? Tun ina tallan goro uwata ta koya mini, abin da aka sa wa baƙar leda ya fita daga bakin mai kaya. Uwaye ne suka saya, muryarsu ƙasa-ƙasa, don su gane ɗan da ya daina magana a gida. Ku ɗauke teburin, but ɗin bayan motata na nan, a ciki zan sayar.

Roƙona, a maido mini kayana, a karanta kafin a yanke hukunci, a kuma gyara rufin.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya rufa asirin iyalanku kamar yadda nake rufawa. Wassalam.

Rabi mai turare.

Af, na manta. Da na ba da sunayen, wa za ku miƙa wa lasifikar, kuma in ya iso kan na gidansa, tsallakewa zai yi?