Tsakin Wendell

Yuma, Arizona
Farkon Janairu

Zuwa ga yayata Opal,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ke sanin zuwan sanyi tun kafin masu hasashe su sani. Yaya ƙanƙarar Nebraska? Ina fata ba ke kike kwashe ta daga ƙofar gida ba, ko da yake na san kunnen ƙashinki. Na zaɓi takarda ne don kin ƙi saka abin jinki, ni kuma ba zan tsaya a farfajiyar asibiti ina kwarara ihu a waya cewa mijina ya daina magana ba.

Na san 'yata Charlene ta gaya miki ɓarin jikin Wendell na dama ya shanye. Ƙafar tana dawowa a hankali, har yana ɗan takawa da sandar nan mai ƙafa huɗu. Bakin ne ya ƙi. Mutumin da ke tsare mai zuba mai da hira har layi ya kai titi, yau ko sunana ba ya iya kira.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kin san tun da muka sayar da gidan Kearney ba mu da wani gida sai motar kwananmu, wadda muke kira Gwaggo. Asibiti sun ce ba za su sallame shi zuwa cikinta ba sai Malama Ybarra, wadda ke koya masa tafiya, ta zo ta gani da idonta. In ba ta gamsu ba, gidan tsofaffi za a kai shi, can Phoenix kusa da Charlene. Yaya, kin san Wendell. Ranar da muka kai babansa irin gidan nan, da muka dawo, a ƙofar gida ya ce da ni, "Lorna, ni dai ko a gefen titi ne, ki bar ni in mutu kusa da ke."

Na tuƙo Gwaggo da kaina zuwa wani fili mai araha kusa da asibitin. Tuƙi ba ya ba ni tsoro. Girke ta ne ya gagare ni. Duk shekarun nan aikin Wendell ne: da mun isa wuri sai in ja karenmu Biskit mu tafi zagaye, kafin mu dawo ya sauke jak ɗin nan huɗu, ƙafafun ƙarfen da ke tallafe ta, ya daidaita ta. Sai ya ɗora lemo a kan tebur, in bai gangara ba, shi ke nan an zauna. Ni ma haka nake yi. Ina tada inji, in danna maɓallan, jak su sauka, lemo ya tsaya cak. Da gari ya waye sai in tsinci lemon a ƙarƙashin sitiyari, ƙwai ya gudu gefen kasko, ƙofa kuma ta cije sai na sa kafaɗa. Matakalar shiga kuwa ta yi tsayin da ban taɓa sanin tana da shi ba, ni mai ƙafa biyu ma sai na kama ƙarfe.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Fasto da matan majami'a, ki ce na ga katinsu.

Ƙanwarki,
Lorna

Yuma
Tsakiyar Janairu

Yaya Opal,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, da safar da kika saƙa masa. Na gode. Kin ce in riƙa cin abinci. Ina ci, in na tuna. Yaya tarin da kika ambata? Kada ki raina shi.

Malama Ybarra ta zo. Mace ce mai kirki, shi ya sa ma abin ya fi zafi. Ta ja ƙofa ta ƙi, ta sake ja ta ƙi, sai da na zagaya ta ƙofar direba na banko ta daga ciki. Ta auna matakalar da ido, ta ce, "Madam Pruitt, wannan ai ko ni sai na yi shiri. In gobara ta tashi, ta ina zai fita?" Ta ce za ta ƙara zuwa sau ɗaya kafin a sallame shi, daga nan ba ta da sauran ta cewa.

Na nemi makanike, amma garin ya cika maƙil da masu gudun sanyi irinmu, kowa ya ce sai wata mai zuwa. Littafin motar tuni ruwa ya cinye shi a Oregon. Maƙwabtana kuwa duk ƙananan ɗakuna ne da su, irin waɗanda a-kori-kura ke ja, ba wanda ya san babbar mota. Akwai wani Duane, tsohon mai sayar da inshora, shi ya naɗa kansa injiniyana. Kullum yana tsaye da gwangwanin giya yana cewa, "Ƙara katako, 'yar'uwa! Duk matsalar duniyar nan katako ne bai isa ba." Na ƙara katako a ƙarƙashin jak. Gwaggo ta ƙara tsayi kamar mai shirin leƙa katanga, kuma shekaranjiya ina wanke kofi na ji ƙas! Gilashin gaba ya tsage daga kusurwa. Na ce masa, "Duane, in ka sake ce min katako, da shi zan raka ka gida." Ya tafi yana cewa shi daga taimako.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Yaya, Wendell tsaki yake min.

Kin san shi. Shekara arba'in da ɗoriya, ko gardama muke sai dai ya fita ya goge fitilun mota. Yanzu da na zauna na fara ba shi labarin Gwaggo, sai ya haɗa haƙora ya yi "ssss," yana dukan katifa da tafin hannunsa mai lafiya. In na ce ina ƙoƙari, sai ya ƙara, fuskarsa ta yi ja. Ran Lahadi har da hawaye, yana yi yana kallona kamar na kashe masa wani. Ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon yakan sauya hali, kada in sa a rai. Ta yaya ba zan sa a rai ba? Ran Litinin na sa takalmi, na ɗauki mabuɗi, na kasa fita. Ban je ba.

Charlene ta zo da hotunan gidan tsofaffin, akwai lambu, akwai kifaye a gilashi. Ta ce, "Mama, ki dubi idonki a madubi. Ko Baba ya gaji da motar nan, ba kya ganin yadda yake yi in kin ambace ta?" Na yi mata faɗa, na ce ba ta san ubanta ba. Da ta tafi na zauna ina tunanin ko ni ce ban san shi ba. Yarinyar ba mugunta take ba, tsoro ne, na gan shi a yadda take murza zobenta.

In har ya fasa son dawowa, me nake wa wannan wahala? In kuma yana so, na kasa buɗe masa ƙofa ɗaya, da wane ido zan dube shi ran da za a tafi da shi? Na rasa inda zan sa kaina, Yaya. Da kina kusa da na zo na kwanta a kan cinyarki kamar ranar da Mama ta rasu.

Taki,
Lorna

Yuma
Ƙarshen Janairu

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina fata tarin ya sake ki. Zauna kafin ki karanta, kuma ki ajiye kofin nan, na san halinki.

Na koma asibiti da niyyar gaya masa na haƙura, Phoenix ɗin za mu. Ban kai ga buɗe baki ba aka shigo auna masa jini. Aka ɗaura abin nan a damtsensa, aka hura, aka sake shi, iska tana fita a hankali. Sai Wendell ya cafke shi da hannun hagu. Ya ƙi saki. Ya dube ni, ya dubi abin, ya yi "ssss," sannan ya shimfiɗa tafinsa a sama ya yi ƙasa da shi sannu sannu har ya taɓa katifa.

Yaya! Na san wannan sautin. Duk inda muka yada zango, ina can nesa da Biskit, nakan ji Gwaggo ta saki wata doguwar ajiyar zuciya. Ni a wurina alama ce kawai ta in juyo in ɗora kofi. Ban taɓa tambayar me ke kawo ta ba. Ashe motar a kan jakunkunan iska take zaune, su ke ɗauke ta a hanya, kuma sai an sace iskar ta durƙusa kafin a sauke jak. Ni kuwa kullum sai in tada inji su cika tam, in kafa jak a kansu. Kafin safiya iskar ta zurare, wani gefen ya riga wani, nauyi ya karkata, jikin motar ya murɗe. Ga ƙofa, ga gilashi, ga matakala.

Na ce, "Iskar? In saki iskar tukuna?" Ya rufe ido ya sake abin aunawar. Bawan Allah, duk kwanakin nan da kalma ɗaya tak da ta rage masa yake ta kirana, ni kuma ina jin zagi.

Na koma wurin Gwaggo na duba gefen kujerarsa ta direba. Akwai wani ɗan baƙin maɓalli can ƙasa, ba rubutu a kansa, shi ya sa ban taɓa kula shi ba. Da na sunkuya sai na ga ba rashin rubutu ba ne, babban yatsansa ne ya cinye shi. Na janye jak, na kwashe katakon Duane, na ɗora yatsana a gurbin nasa. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya, ta yi ƙasa kusan taƙi guda. Biskit ya zabura ya nufi ƙofa yana kaɗa jela, yana neman mai gidansa. A nan ne na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Na sake sauke jak. Da safe lemo yana inda na bar shi.

Malama Ybarra ta zo ran Alhamis, ta zo da Wendell a kujerar turawa don a gwada, Charlene na biye da su fuska a ɗaure. Ƙofa ta buɗe da yatsa biyu. Matakalar fa ba ta zo da sauƙi ba, kada in yi miki ƙarya. Ya ɗaga ƙafar ta ƙi, ya sake ta ƙi, gumi ya jiƙa masa riga, Charlene ta ce, "Baba, ya isa haka." Ko kallonta bai yi ba. Duane ma ya ajiye gwangwaninsa. Da ƙyar da jiɓin goshi ƙafar ta hau, ɗayar ta bi ta.

Malama ta ce sai an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, kuma za ta riƙa leƙowa. Gilashin yana nan da tsagarsa, bakin kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Amma ta yarda.

Da aka zaunar da shi a teburin, ya miƙa hannu ya ɗauki lemon, ya juya shi, ya sake ajiyewa a tsakiya. Duk muka zuba wa lemo ido kamar marasa aikin yi. Bai motsa ba. Wendell ya ɗago ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga, ya yi "ssss" a hankali.

Charlene ta kama hannuna ta ce, "Mama, me kuma ya faru? Me yake cewa?"

Na ce, "Cewa yake an zauna, in ɗora kofi."

Ki gaida kowa. Safar ta yi masa daidai, tana ƙafarsa yanzu haka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lorna Pruitt