Katakon Kawo Daga Kafanchan

Limancin Kona, Zariya
6 ga Mayu, 1974

Zuwa ga ƙanena Bala,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ba dogon zance zan yi ba. Iskar ruwan farko ta maka ƙyauren masallacin unguwarmu da bango, katakon tsakiya ya tsage. Ka san Baba ne ya sassaƙa shi, shi ya sa dattawa suka ba ni gyaran. Yanzu zana aka jingina a ƙofar, awaki na kutsawa suna ɓata tabarmi, Liman kuma kullum sai ya aiko.

Na zaga 'yan katakon Sabon Gari. Duk wanda na ce wa katakon iccen kawo nake nema sai ya miƙo mini na iccen doka, har da rantsuwa. In ɗaga in ji ba nauyi. Wani ya kawo madobiya, na sansana na ajiye masa abinsa. Tunda ka zaɓi aikin inji ka bar mana gizago, sai ka nemo mini kawo busasshe, ja sosai, tsawo kamu huɗu. Kada ka ɓata mini lokaci.

Yayanka,
Mamman

Kafanchan
15 ga Mayu, 1974

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Wallahi na yi murna, ko faɗan ma na yi kewarsa. Tun da na bar gida sai yau ka tuna ina da hannu.

Na samo maka kawo a wurin wani tsoho a Jagindi, ya daɗe a rumfa yana bushewa. Na yanki bakinsa don in tabbatar, sai ga garin nan rawaya a cikin jijiyoyinsa, irin wanda Baba yake nuna mana da farce. Doka ba ta da shi. Na shafa masa ruwa, jansa ya fito kamar na ƙyaurenmu. Na ba Ɗanjuma direba, zai sauke maka a Ƙofar Kibo. Abu ɗaya: gefe guda yana da farin nan na kusa da ɓawo. Na bar shi don kada hanya ta ci mai kyaun. Ka yanke shi, faɗin zai ishe ka.

Amma Yaya, wa ya rubuta maka wasiƙa? Kai da ko saƙon goro da ajaminka kake yi, yau sai ga boko? Lafiya dai ko?

Ƙanenka,
Bala

Kusfa, Zariya
28 ga Mayu, 1974

Baffa Bala,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ni ce Rakiya, babbar 'yar yayanka, kuma ni na rubuta waccan wasiƙar. Wannan kuwa Baba bai san da ita ba.

Na karanta masa taka, da na zo kan tambayarka ya ce in tsallake. Katako ya iso. Ya rungume shi, ya ɗaga, ya ce, "Yaron nan bai manta ba." Na ce, "Baba, in nuna maka gefen farin?" Ya ce, "Ke za ki koya mini icce? Tafi makarantarku, yara na jira."

Baffa, gefen jan ya yanke.

Ya goge, ya kafa, aka ɗaga ƙyaure ranar Alhamis. Ga farin layi tun daga sama har ƙasa, tun daga bakin lungu ake hango shi. Shi kuma yana tsaye yana shafawa, yana tambayar mutane, "Kun ga inda na haɗa?" Kowa ya kau da kai. Liman ya ce Allah Ya saka da alheri, ya shige. Da la'asar Malam Jumare mai kanti, bai san komai ba, ya ce, "Mamman, wannan farin ado ne?" Nan take Baba ya ce a sauke.

Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Da hannu da hanci yake aiki, ya hana mu faɗa. Yanzu ya ƙi zaure, ya ƙi ɗaki, sai zagaya tsakar gida yake yi. Jiya ya sa mijina ya kai shi Sabon Gari a keke, suka dawo hannu wofi. An ce dattawa na shawarar sa ƙofar ƙarfe. In aka cire aikin kakanmu saboda kuskurensa, ban san yadda zai yi ba. Na yi masa maganar asibitin ido na Kano, ya ce ba inda za shi sai ƙyaure ya tsaya.

Ka yi wani abu, Baffa.

'Yarka,
Rakiya

Kafanchan
4 ga Yuni, 1974

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka yi wa Rakiya faɗa, ni na tambaya. Na koma Jagindi, akwai sauran ɗan'uwan katakon, icce ɗaya aka tsaga su. Na kama shi. Na je wurin Ɗanjuma in ba shi, na fasa, na dawo da shi ɗaki. Ban san abin da kake so ba. In aiko, ko in kawo? Ranar da na tafi ka ce kada in ƙara taɓa kayan aikin Baba. Ban manta ba, shi ya sa nake tambaya. A roƙi Liman ya dakata da zancen ƙarfe.

Bala

Limancin Kona
10 ga Yuni, 1974

Bala,

Na ji saƙonka. Faɗa kam na riga na yi mata, ga ta nan tana rubutawa tana kuka. Na je wurin Liman da ƙafata, ya ce zai jira.

Ka kawo da kanka. Kai za ka ja layi ka yanka, ni in riƙe maka. In mun kafa, ka raka ni Kano.

Ka shigo motar safe, hadari na haɗuwa da wuri.

Yayanka,
Mamman