Daddawata Mai Yatsu Uku Ta Dawo Mini a Ledar Tallafi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Kasuwarmu a Lokacin Korona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka barka da shan ruwa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran 'yan kwamiti. Ya gajiyar aiki, ya kuma haƙuri da jama'a? Allah ya ba da lada.

Sunana Tumba, amma a garin nan sai an ce Tumba mai daddawa ake gane ni. Rumfata ita ce ta kusa da rijiyar kasuwa. Na je ƙofar gidanka aka ce kana taro, na koma aka ce ka tafi Talata Mafara. Shi ya sa na sa maganar a takarda don kowa ya gani, tunda abin ya shiga tukunyar kowa.

Na farko, Alhaji, da kuka rufe kasuwa ban yi gardama ba. Ciwo ba abin wasa ba ne. Kun ce kowa ya bar kayansa a rumfa ya tafi gida, na lulluɓe kwandunan daddawata da tabarma na tafi. Ka san halin da muka shiga bayan nan. Motocin Kudu sun daina zuwa, manja ya ɓace, gishiri ya zama abin roƙo a maƙwabta, dunƙulen ɗanɗano ya ƙare a shaguna. Matan da a da suke toshe hanci idan sun bi ta gaban rumfata, su ne suka dawo suna sallama a gidana suna neman ko ɓari ɗaya. Ni kuwa ba ni da ita, tana kulle a kasuwa, kuma kalwar da nake sarowa daga Maradun babu hanyar da za ta iso. Ga ɗiyata Rabi ta zo wankan jego, haihuwar fari. Mai jego da ya kamata ta sha miya mai ɗumi da yaji, ni mai daddawa ina dafa mata kuka salam babu komai a ciki. Na ji kunya ƙwarai, amma na yi haƙuri.

Na biyu, maganar feshi. Kun ce za ku fesa wa kasuwa maganin kashe cuta, muka ce madalla. Sai ga mutanenku sun shigo goye da injinan feshin da aka aro wurin manoman shinkafa na Bakolori, waɗanda ake kashe ciyawa da su a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. Ba a wanke su ba. Aka tsiyaya sabon magani a kan ragowar tsohon, aka bi rumfa rumfa ana fesawa, har bisa tabarmar da na rufe kayana. Kada a ce mini zato nake yi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san warin maganin ciyawa ko cikin barci. Sannan ka je ka dubi ciyawar bakin rijiya, wadda ko a tsakiyar rani ba ta bushewa. Ta ƙone ƙurmus, har da ɗan zogalen da nake ba ruwa.

Da kuka ga ɓarnar da aka yi, kuka aiko aka kwashe kayan miyar rumfunanmu, kuka, kuɓewa, barkono, daddawa, aka ce za a kai bayan gari a ƙone. Raina ya ɓaci, don aikin wata da watanni ne, amma na ce gara wuta ta ci da ɗan mutum ya ci. Na yafe, ban nemi komai ba.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni sakat. Ranar da kuka tara mata a filin makaranta don rabon tallafi, na je kamar kowa, saboda Rabi. Muka yi layi a rana da azumi a bakinmu, aka ɗaura mana takunkumi, aka ce mu ɗaga leda sama a ɗauki hoto. Kai da kanka ka miƙo mini tawa, har ka ce, "Inna, a yi mana addu'a." Na yi maka.

Da na isa gida na kwance ledar, warin ne ya fara gaishe ni. Ga 'yar shinkafa, ga kuka, ga daddawa. Na juya daddawar, sai ga shatin yatsu uku a tsakiyarta. Alhaji, tun ina yarinya uwata ta koya mini in danna yatsu uku a kan kowace daddawa kafin in shanya, kuma daga nan har Bakura babu mai yin haka sai ni. Daddawata ce. Wadda kuka ce kun ƙone ita ce kuka ɗaure a leda kuka ba ni sadaka, har na ɗaga ta sama ana ɗaukar hotona. Na fita bayan ɗaki na yi ta tofar da yawu, abin da azumi ma bai sa ni yi ba.

Ni na gane ta, na haƙa rami na binne ta har da kukar, Rabi ba ta ci ba. Sauran matan fa? Sun daɗe ba su ga daddawa ba, kuma sun ga yatsuna a jiki, sai suka jefa a tukunya da kwanciyar hankali. Asabe maƙwabciyata ta yi miyar buɗa-baki da ita, yaranta suka kwana suna amai da gudawa, ƙaramin har yanzu bai miƙe sosai ba. Matar da muke aron turmi da juna tun muna amare, ta zo ta watsa mini ragowar daddawar a ƙofar gida, ta ce ashe tsufa bai hana ni sayar wa kwamiti ruɓaɓɓen kaya ba. Na rantse mata, ba ta saurare ni ba. Yanzu idan na fita, mata sai su sauya hanya. Ba wanda ke ambaton kwamiti, Tumba ake ambata, domin hotonku yana waya, yatsuna kuwa suna cikin miya.

Ba ni da gona a Bakolori, ba ni da ɗa a birni. Abin da na mallaka duka shi ne mutane su ga yatsun nan uku su ci ba tare da shakka ba. Shi kuka ɗauka kuka ba yara guba da shi.

Saboda haka ga roƙona. Ka sa mai shela ya zaga gari da ƙauyukan da aka kai rabon, yau ba gobe ba, ya ce duk mai ragowar kayan miyar ledar nan ya binne, kada ya ba ko akuya. Ka sa a duba yaron Asabe a asibiti. Sannan ka tsaya a filin da ka ɗauki hotonmu, ka faɗa da bakinka cewa ba Tumba ta kawo muku daddawar nan ba, daga rumfarta kuka kwasa bayan an fesa mata magani.

Idan kuwa kana ganin ƙarya nake yi, na rage daddawa guda ɗaya ban binne ba. Na naɗe ta a takarda na ba maigadinka. Ka ba Hajiya ta sa muku a miyar buɗa-baki. Idan ka iya, na janye maganata gaban kowa. Idan hannunka ya ƙi miƙa mata, to ka kira mai shela.

Allah ya kiyaye ka da iyalinka daga wannan annoba, ya tsare 'ya'yanka daga cin abin da 'ya'yan Asabe suka ci, ya karɓi ibadarmu baki ɗaya.

Wassalam.

Tumba mai daddawa,
Rumfar bakin rijiya.