Da shanuna za a sayi motar da ba za ta kai ƙauyenmu ba

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai matan unguwarmu a cikin nan, ban son gobe in ji zancena a bakin famfo. Ƴan uwa shawara nake nema, don Allah ku ba ni, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san duk wanda ya ji an ce rigimar zaɓen mota ce zai ce ƙoshi ne ya yi wa wannan yawa. Wallahi ba ƙoshi ba ne.

Ni metiris ce, ina koyarwa a wata lakwal nan Damagaram, muna zaune a Zango ni da maigidana da yaranmu huɗu. Shi ma'aikacin gwamnati ne, bara aka ƙara masa matsayi ya zama shef, wato shugaba, a serbis ɗinsu inda yake aiki, kuma tun aurenmu moto yake hawa, wato babur. Ni kuwa ƴar ƙauye ce, ban taɓa ɓoyewa ba, wani ɗan gari ne can bayan Zermu, in ka bar gudron, wato kwalta, ka bi latirit, hanyar jar ƙasa, latirit ɗin ma ta ƙare, abin da ya rage duk rairayi ne, da damina kuma ga wani kwari da ruwa ke kwanciya. Can mahaifiyata take, Inna, tare da yayana da ke noma gonar gidanmu. Inna tana da ciwon suga, ya taɓa mata ƙafa, akwai gyambo a diddigenta da ya ƙi warkewa. Likita ya ce a riƙa kawo ta duk wata ana wankewa ana dubawa, in aka yi sakaci wata rana yanke ƙafar za a yi, a gabana ya faɗa. Na roƙe ta ta dawo wurina ta zauna, ta ce ita da ranta ba za ta tare a gidan suruki ba. Kun dai san tsofaffinmu da kunyar surukai. Har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce mai gidan naku, ko goro ba ta taɓa ci a gabansa ba, in ya je gaishe ta daga bayan danga take amsawa.

To yadda ake kawo ta shi ne abin da ke hana ni barci. Yayana zai ɗora ta a amalanken shanu har inda motar kasuwa ke tsayawa, su zauna cikin rana su jira ta cika, a cusa ta tsakanin buhuna da awaki, ƙafar nan a rataye ba wurin miƙewa. Kafin su iso ta kumbura suntum, bandejin ya jiƙe. A daminar da ta wuce wani ya taka mata gyambon wajen sauka, ba ta ko yi ƙara ba, sai da na kwance ƙafar a gida na ga abin da na gani, na shiga ɗaki na rufe na yi kukana. Ranar na ce wa maigidana wannan wahala ta isa haka.

Shi ya kawo shawarar mota, ba ni ba, ku riƙe wannan. Ya ce yana da abin da ya tara, banki kuma za su ba shi wani abu a kan albashi, amma ba zai kai ba sai an cika. Ya ce in muka samu mota mai ɗan tsayi, irin waɗannan masu kama da jip amma ba manya can ba, shi da kansa zai riƙa ɗauko Inna daga ƙofar ɗakinta ya maida ta. Da bakinsa ya ce, "Inna ai uwata ce." Jin haka na kira yayana na ce a sayar da shanuna, waɗanda na gada daga mahaifinmu, suna hannun Bafulatanin da ke mana kiwo tun ina budurwa. Yayana ya ce in yi tunani, na ce na gama. Aka kai su kasuwa har da wata jar saniya da Baba ya ba ni da hannunsa yana raye. Kuɗin suna wurina yanzu haka, ban miƙa ba tukuna, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage mini.

Muka je fark ɗin wani Alhaji mai saida motoci, abokin wan maigidana ne. Ya nuna mana guda biyu da suka iso masa tare, kamfani ɗaya, suna ɗaya, shekara ɗaya, in ka hango su daga nesa sai ka ce tagwaye. Ɗaya ita suke ce wa sempil, fara ce, kujerun yadi, rediyo kawai gare ta sai klim mai sanyaya ciki, amma kat-kat ce, ƙafafunta huɗu duk suna ja, tayoyinta masu kauri, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, kuma akwai wasu ƙananan kujeru biyu can baya da ake buɗewa. Ɗayar ita ce ful opsiyon, baƙa wuluk tana sheƙi, kujerun fata, rufinta gilashi ne mai zugewa, ga ekran kamar tele, ga kamara mai nuna maka baya, ko makulli ba a murɗawa sai dai a danna. Amma ƙafafun gaba kaɗai ke ja, tayoyinta sirara, kuma an yi mata wani ado a gaba da gefe da ya sauko kusa da ƙasa. Ni ban san mota ba, ko keke ban iya ba, don haka na tambayi Alhajin abu ɗaya tak, na ce wacce za ta kai bayan Zermu. Ya ce, "Madam in don rairayi ne farar nan, baƙar ta cikin gari ce, in kin sa ta a yashi sai an kira shanu sun jawo ta." Ya yi dariya, na yi dariya, maigidana bai yi ba, yana can zaune cikin baƙar yana zuge rufi yana rufewa kamar yaro ya samu abin wasa. Kuma ku sani baƙar ta fi tsada, ratar da ke tsakaninsu kuɗin shanuna ce cif.

Muna dawowa gida ya fara. Wai farar irin ta ƴan proje ce, masu aikin ƙungiyoyin agaji, in ya shiga serbis da ita za a ɗauka direban wani ne. Wai shef guda ba zai ajiye kujerun yadi kusa da motocin yaransa ba. Wai kat-kat shan esans gare ta, wato fetur. Wai kujerar fata ta fi sauƙin gogewa saboda yara. Kullum da sabon dalili, ni kuma kullum amsata ɗaya ce, Inna fa? Sai ya ce ai da rani ana iya lallaɓawa, ko yayana ya riƙa fito da ita bakin latirit mu tarbe ta can. Na ce to amalanken dai bai fita ba ke nan, me aka yi? Ya ce na cika gardama, karatun da na yi ne ke ɗibata. Duk wannan na ɗauka son burga ne irin na maza, na ce a raina zai huce, har addu'a nake Allah ya karkato da hankalinsa.

Ashe ba burga ba ce kaɗai. Suna da fada a ƙofar gidanmu, nan suke zaman shayi shi da abokansa bayan la'asar, kuma bangon madafata shi ne bangon da suke jingina. Ranar Lahadin nan ina tsaye ina tankaɗe, na ji wani abokinsa yana ce masa shi dai da shi ne farar zai ɗauka, ta fi ƙarko. Sai na ji muryar maigidana, mijina uban ƴaƴana, yana cewa, "Kai ba ka san ƙauye ba. Ranar da na shiga garin nan da kat-kat na zama ambilans ɗinsu har abada, mai naƙuda ni, mai gawa ni, mai buhun gero ni. Wannan kuwa ko an kira ni sai in ce mota ba ta shiga, ba wanda zai ga laifina. Tsohuwar ma ai ba za ta iya buɗe baki ta tambaye ni ba." Aka kwashe da dariya har da tafawa. Jama'a rariyar ta faɗi daga hannuna ban sani ba. Tsohuwar! Wadda jiya-jiya ita ce uwarsa. Wato kunyar da take ji tasa, wadda take yi don girmama shi, ita ya auna ya ga ta ishe shi abin fakewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, lokacin da yake ɗan kontira, ba a ɗauke shi aikin dindindin ba, albashi sai ya yi wata da watanni bai zo ba, wa ya riƙe gidan nan? Duk kaka Inna ce ke ware mana gero da wake da gyaɗa, har kuka da kuɓewa busassa. Kuma shi ke zuwa ɗauka, a kan moto, cikin wannan rairayin dai, ya ɗaure buhu gaba da baya, ya faɗi ya tashi ya kaɗe wando ya ci gaba. Ban taɓa jin ya ce moto ba ta shiga ba. Yau da za a ɗauko mai geron ne hanya ta lalace.

Da ya shigo na faɗa masa na ji komai. Na zaci zai musa ko ya ji nauyi, ina! Cewa ya yi laɓe ba halin matan kirki ba ne, kuma zancen fada ba a ɗaukarsa. Daga baya da ya ga ban sauko ba sai ya ce to gaskiya ce, ƙarya ya yi? Ya kawo mini misalin wani abokin aikinsa da ya sayi mota mai shiga daji, ƴan garinsu suka maida shi kamar motar haya, ba mai ba shi ko litar esans, cikin shekara biyu ta zama gwangwani, ranar da ya ce a'a kuma aka daina gaishe shi. Don Allah ban ce babu gaskiya a nan ba, na san mutanenmu, in suka samu wuri ba sa tashi. Amma ni ban ce ya ɗauki gari ba, mutum ɗaya na ce, sau ɗaya a wata. Ya ce ɗaya ke jawo goma. Ya ce zai riƙa ba da kuɗin shatar mota a ɗauko ta. Wannan alkawarin na shata tun kafin zancen sayen mota nake jinsa, sau ɗaya aka yi, shi ma ni na cika. Ƙarshe na ce to in baƙar zai saya ya saya da kuɗinsa, nawa ba sa ciki. Tun ranar ba ya cin abincina, gaisuwa ma da ƙyar.

Ya kai ƙarata wurin yayarsa, Hajiya, ita ce kamar uwa a wurinsu. Ta kira ni ta wanke ni tas, wai macen da ta taimaki mijinta sannan ta tsaya tana gindaya masa sharaɗi gori take yi, wai dama ana faɗa mata ƴan ƙauye ba a haɗa dukiya da su. Wai in ban miƙa kuɗin nan ba na kunyata shi a gaban Alhaji mai fark da duk wanda ya riga ya ji zai sayi mota, kuma in auren ya samu matsala kada in zo mata da kuka. Yayana kuma ta can yana cewa in riƙe kuɗina, mu nemi wata tsohuwar kat-kat ko yaya take mu ajiye a ƙauye. To wa zai tuƙa, ni ba permin tuƙi ba shi ba permin tuƙi ba, kuma kuɗin ba za su sayi ta kirki ba, sai wadda za ta ƙare a garaj. Ga shi Alhajin ya aiko cewa mu yanke zuwa Juma'a, akwai wasu mutanen Agadas da ke son farar, su ba sa ciniki biyu.

Inna ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba, na hana yayana faɗa mata. Abin da ta sani kawai an saida shanu za a sayi mota. Da muka yi waya ba ta tambayi launi ba, ba ta tambayi tsada ba, cewa ta yi, "Akwai wurin zama can baya? Kada a zaunar da ni kusa da mai gidan naku." Na ce akwai Inna, don lokacin ina ganin farar za mu ɗauka. Shekaranjiya kuma sai ga wani ɗan garinmu mai kabu-kabu ya kawo mini saƙo daga wurinta. Na kwance, ƴar tabarmar kaba ce ƙarama, sabuwa, ita ta saƙa da hannunta, da idon nan nata da ba ya gani sosai, har ta yi mata baki da jan zare. Ya ce ta ce in ajiye a cikin motar, nan za ta riƙa ɗora ƙafar, kada gyambon ya ɓata wa mai gidan namu mota.

Tabarmar tana nan ƙarƙashin gadona, ban nuna masa ba, ban ma san ko in ya gani zai ji wani abu ba. Don Allah iyayena da ƴan uwana na wannan gida, maza da mata, ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. In miƙa masa kuɗin shanun ubana a zauna lafiya, ya hau baƙar motarsa, uwata ta ci gaba da hawa amalanke har ranar da likita zai ce a yanke? Ko in riƙe, in ɗauki duk abin da zai biyo baya ni da yara huɗu? In kuma na miƙa, ku faɗa mini abin da zan ce wa Inna ranar da ta tambaye ni ko tabarmar ta yi daidai da wurin.