Awa Biyu Tsakanin Napoli da Berlin

Kwamba, Suleja

Ƙanena Ghali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Rubutawa na yi, don in na kira kuka zai hana ni magana. Ƙaninmu Khamis yana asibiti a Berlin, hanta ce, likitoci sun ce a kira dangi. 'Yata Sumayya ta duba a waya, daga Napoli inda kake awa biyu ne da 'yan mintuna a jirgi. Inna ta ce mai zuwa aiki Abuja daga nan ma yakan fi haka a hanya ranar Litinin. Ka tashi yau. In ta Allah ta kasance, kada baƙo ya wanke shi.

Yayarka,
Zuwaira

Napoli

Yaya Zuwaira,

Wa alaikumus salam. A gaida Inna. Wayar Sumayya ba ta yi ƙarya ba, kilomita dubu da ɗari uku ne, ni ma na duba. Amma awa biyun na masu takarda ne. Tawa ta ƙare, wata bakwai ina jiran sabuwa, rasit kawai suka ba ni, shi kuwa ba ya ƙetare iyaka. Ku a gida Turai unguwa ɗaya ce, kamar a hau Keke daga Kwamba zuwa Magajiya.

Shekara uku Khamis bai neme ni ba tun da ya samu tasa takardar. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ni na zuga shi ya fito, wannan nawa ne. Gobe zan gwada bas, kwana guda cur. A sa ni a addu'a.

Ghali

Kwamba

Ghali,

Salam. Na ji saƙonka, an sauke ka a iyakar Ostiriya an juyo da kai. Khamis ya cika ranar Laraba. Wasu Turkawa na masallacin unguwarsu suka yi masa wanka da sutura, Allah ya saka musu.

Tun ranar da ka tashi Inna take kallon agogo tana cewa ai awa biyu ta wuce. Na kasa gaya mata gaskiya. Na ce mata ka isa, kai ka wanke shi da hannunka. Sai ga shi ta ci abinci. Yanzu so take ta ji daga bakinka, wai ƙasar sanyi ce, da ruwan ɗumi ka yi masa? Jumma'a za mu kira. Ka yafe min.

Zuwaira

Napoli

Yaya,

Salam. Allah ya jiƙansa. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba, ko ranar da na gudo. Na nemi lambar limamin masallacin Turkawan na tambaye shi. Ya ce da ɗumi.

Wannan kaɗai zan faɗa mata. Kada ki bari ta yi tambaya ta biyu.

Ghali