Ka Rufe Fuskar Kawu, Ka Bar Raƙuminsa

Gure, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Sufiyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Dakar, kai da abokan karatunka. Allah ya ƙara lafiya, ya kare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan da sauƙi. Inna na fama da ƙafarta kamar kullum, tana zuwa likita ana ba ta magani. Hawa ta sauka lafiya, an samu mace. Damina ta yi kyau wajen Gidigir, mu kuma ’yan lakwal, wato ’yan makaranta, sun koma, ina ta fama da su da alli. Mun ji ka kare kundinka na masta a ilimin zaman jama’a da binciken laifuka, har manyan malamai suka miƙe suna tafa maka. Madalla. Mu ma tafin ya iso mu, sai dai a kunci ya sauka.

Saƙonka ya zo, inda ka ce za ka dawo da rani ka fara binciken dakta, kuma kana so Kawu Buraima ya kai ka wajen mutanen daji da kansa. Na karanta na sake karantawa, na ce lallai wanda bai san gari ba shi ke raina tsakuwarsa. To bari in ba ka labarin abin da mastarka ta yi, kafin mu kai ga dakta.

Ka fi ni sanin aikin Kawu. Tun muna yara, in ɓarayi suka kore shanun mutum tsakanin Kelle da Gamu, wajensa ake zuwa. Ya hau raƙuminsa ya shiga daji, ya kwana inda ya kwana, ya dawo da abin da ya samu. Ba a tambayarsa da wa ya sha shayi, shi kuma bai taɓa faɗa ba. Masu dabbobi sun yarda da shi, ɓarayi sun yarda da bakinsa, a kan wannan shirun kaɗai aikin yake tsaye. Da ka zo bara da na’urarka ta ɗaukar murya, mutum nawa suka kore ka? Shi ne ya shimfiɗa maka tabarma, don kai ɗan ƙanwarsa ne, a bayansa ka koyi hawan raƙumi. Ina zaune ina tankaɗe ka rantse masa cewa malamanku sun koya muku ɓoye mai ba da labari, ko aljani ba zai gane shi ba.

Ka kuwa ɓoye shi, ba a ce ba. Ka sake masa suna, ka sake wa rijiyarsa suna, ka shafe fuskarsa a hoto har ta koma kamar an shafa kunu. Amma raƙumin da yake riƙe da akalarsa fa? Ka bar shi tsaye ƙerere, da shaidar gidanmu da aka ɗana masa da wuta a wuya, fes da ita! Haba Sufiyanu! A Dakar fuska ce suna. A nan akwai makiyayin da ke duban fuskar mutum kafin ya dubi wuyan raƙuminsa? Kai da aka haifa a ruga, sai an aiko maka farfesa ya tuna maka wannan? Wani abokinka ya ɗauki jawabinka a waya don murna, ya watsa, kafin kasuwa ta zagayo yana cikin wayar kowane mai sayar da akuya. Ga hoton a bango, ga ka cikin kwat kana zuba Faransanci kana lissafa hanyoyin da ake bi da shanun sata. Wanda bai ji Faransanci ba, Illa mai gyaran waya ya fassara masa kyauta.

Jandarmomi sun kira Kawu sun yi masa tambayoyi, suka sallame shi ran nan, babu ko zagi. Wallahi gara da sun tsare shi a kaso, da mutanen daji sun ce ya yi shiru ya sha wuya. Da suka ga ya fito da wuri, sai suka yanke cewa ya sayar da su. Ana tsakar rana a wajen kiwo suka kore garken gidanmu duka, har da jar saniyar da Kawu ya ba ka ranar sunanka da duk ’ya’yanta. Raƙumin kuwa ba su tafi da shi ba. Sun sare masa jijiyoyin ƙafa suka bar shi yana kuka a gindin aduwa, suka yanke fatar wuyansa inda shaidar take, suka rataye ta a ƙaya. Kawu da hannunsa ya ƙarasa shi. Naman ma ya ƙi ci.

Yanzu in an yi sata, babu mai zuwa wajen Kawu. Makon jiya an kwashe wa Tanimu maƙwabcinmu shanunsa, ya zo ƙofar gida ya tsaya yana faɗa wa Inna cewa ta haifa wa ƙasa annoba. Mutanen da Kawu ya yi shekara da shekaru yana dawo musu da dukiya, in ya shiga masallaci sai su matsa. Ya baro daji ya dawo ɗakin zaurena, yana zaune yini guda yana murza igiyar da babu abin ɗaurewa da ita. Kai kuma an ce kundinka ya samu yabo mafi girma. Ka yi nazarin masu laifi har ka ƙware, sai ka duba cikin littattafanka ka gaya mini sunan wanda ya ci amanar tsoho bai ma san ya ci ba.

Don haka kada ka zo. Ba da rani ba, ba da Sallah ba. Inna ba za ta iya faɗa maka ba, ni zan iya. In ka taka Gure ba zan iya ce maka za ka koma da ƙafafunka ba, kuma in faɗa maka gaskiya, ba kai nake ji wa tsoro ba, tsohon nake ji wa. Ka nemi wasu mutanen da ba su yi maka goyo ba, ka yi daktarka a kansu.

Na gaya wa Kawu zan rubuto maka, na ce ya faɗi duk abin da ke ransa, ni zan sa shi yadda ya faɗa. Na so ya tsine maka, wallahi na so. Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya tambaya ko malaman naka sun ji daɗin aikin, na ce sun ji. Ya ce to alhamdulillahi. Sai ya ce in roƙe ka abu guda: ka wanko masa hoton nan a takarda ka aiko, don ba shi da wani hoton raƙumin. Ya ce fuskarsa kuma ka bar ta a shafe yadda take, hakan ma ya yi.

Inna na gaishe ka tana kuka. Hawa da mijinta Mamadu na gaishe ka. Tanimu bai ba da gaisuwa ba. Kawu ya ce Allah ya yi maka albarka, na rubuta don na yi masa alkawari. Ka aiko da hoton.

Yayarka,
Nene